Abin da Ke Cikin Kalangun Tsoho

Jega, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Maisuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda za ta iske ka lafiya, kai da abokan kiɗanka na nan Birnin Kebbi. Mu nan lafiya lau. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah shi tsare ka ga tafiyar da ke gabanka, shi kai ka lafiya, shi maido mana kai lafiya. Ga kalangun kakanka nan na ba direba, kamar yadda ka roƙa. Amma kada ka kwance shi sai ka karanta takardar har ƙarshe.

Ranar da ka zo yi mana bankwana, da safe, ina zaune rumfar mahauta ina kallonka. Kana bisa benci kana wasa wuƙar gyaran fata ga dutse. Mahauta suna ta tsokanarka, wai jikan Tunau zai hau jirgi zuwa ƙasar waje, a sawo musu tsarabar sanyi. Sai ɗayansu ya tambaye ka me za ka yi in mutanen jirgi sun yi maka abin da sunka yi wa babanka. Ka ce: "Ni ba Baba ba ne. Wanda ya taɓa min kalangu a filin jirgi, ranar sai dai jirgin ya tashi ba ni ba shi." Kana faɗi kana zura wuƙar cikin aljihun gaba. Kowa ya yi dariya. Ni hannunka nake kallo, kuma dariyar ba ta zo min ba.

Ka tashi kana jin labarin nan, cewa ma'aikatan jirgi sun ƙwace kalangun Tsoho, kakanka Tunau, daga hannuna, sun jefa shi ƙarƙashin jirgi cikin kaya, sanyin sama ya fasa shi. Ni na ba da labarin, kuma ba haka anka yi ba. Na so in faɗa maka baki da baki ranar, bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna da biro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girmana na koye shi.

Shekarar da anka yanke mana jiha daga Sakkwato ne, lokacin kana Katanga wurin dangin innarka. Akwai Alhaji Cindo, mutumin Jega ne da ya daɗe a Legas yana fataucin shanu. Mahautan can za su naɗa shi shugabansu, sai ya aiko a kai masa Tunau da kalangunsa, don da muryar kalangun nan ya koyi fawa tun yana yaro. Amma a lokacin idanun Tsoho sun rufe, ƙafa ma ta ƙi. Ya ce ni in tafi, da ni da Mode na Karaye, wanda ke amsa min da ƙaramin kalangu. Tsoho ya miƙo min nasa da hannu biyu. Fatar da ke kansa ta ɗan tayi ce, wato ɗan akuyan da anka iske cikin uwarsa bayan yanka, wani mahaucin Maiyama ya aje masa. Ita ce fata ta ƙarshe da Tsoho ya ɗinka yana gani.

Ɗan aiken Alhaji ya kawo tikiti biyu. Ya ce akwai dokokin kaya rubuce a jikinsu, in nemi wanda zai karanta min. Na ce to. Na ninke su na sa cikin hula. Malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu sa'ana ne, tare munka yi wasan ƙasa, sai na ji nauyin ya ga ban iya karatu ba, alhali ya fi kowa sanin ban iya ba. Kwana tara takardun nan suna bisa kaina, ban san abin da ke cikinsu ba.

Kai ka iya karatu, amma mai karatu ma yana jin kunyar tambaya. Tun yanzu ka je wurin shugaban tafiyarku, ku tambayi kamfanin jirgin da bakinku: kalangu zai shiga hannu ko sai cikin kaya? Wane tsawo, wane nauyi suke karɓa? Na bi alhazai da 'yan kasuwa masu yawan hawa ina tambaya shekara da shekaru, abin da na gane shi ne kowane kamfani da tasa doka, ta wannan ba ta wancan ba ce. Abin kiɗa ƙarami sukan bari ka shiga da shi, in zai shiga akwatin da ke saman kan fasinja. Babba irin gangar noma kuwa, ko dai ya bi kaya ko a yankar masa kujera kamar mutum. In sun ba ku amsa, ka ce a rubuta maka, don wanda ya amsa maka yau ba shi za ka iske bakin ƙofa ba. Ka ce kuma a sa cikin takardar cewa icce ne da fatar akuya, don an ce wasu ƙasashe suna tambayar fatar dabba.

Ni yadda na san tafiya haka na shirya. Na sa kalangun cikin buhun albasa, na ɗaure baki, kamar za mu kasuwar Maiyama a bayan a-kori-kura. Wuƙar gyaran fata da basilla da kwalbar man shanu na shafa wa tsarkiyar da ke ɗaure fatun kalangu, duk na zuba aljihu, don makaɗi ba ya rabuwa da su. Munka bar Jega bayan asuba, da niyyar isa filin jirgi da wuri.

Da munka zo Aliero, direba ya rage gudu saboda motocin albasa sun cika hanya. Mahautan bakin titi sunka hango Mode ta taga. Kafin ka ce me, an kewaye mota. Ɗaya ya ce ashe ɗan Tunau ya yi girman da zai wuce su bai gaishe su ba, don an aiko masa da jirgi. Wani ya ce a bar shi, kalangun ma yanzu Turanci yake ji. Ka san al'adar gidanmu, mahauci ba ya kiran makaɗinsa makaɗin ya wuce. Mode ya taɓa ni ya nuna min rana. Na gani. Amma na sauka, na kwance buhu, na yi wa wannan takensa, na yi wa wancan. In ka yi wa uku ka bar na huɗu ka yi abokin gaba, sai da na bi su duka. Har wani tsoho da ya bar fawa anka ɗauko daga gida don ya ji nasa. Ban taɓa jin kalangun nan ya yi daɗi kamar safiyar ba. Hantsi ya ɗaga sosai sannan munka tashi.

Ɗana, al'adar nan mai kyau ce, da ita munka ci munka sha. Amma jirgi bai san ta ba. Ranar tafiya ba ranar gaisuwa ba ce. Duk wanda za ka yi wa bankwana ka gama da shi tun jajibiri. Wanda ya tare ka kan hanya, ka ba shi haƙuri, ka ce in ka dawo takensa za ka fara yi. Fushinsa na kwana biyu ne. Mai kayan kiɗa ya kamata ya riga kowa isa, don shi ne za a tsayar a yi wa tambaya, kuma tambaya tana cin lokaci.

Mu kuwa mu ne na ƙarshe. Mutane sun riga sun fara fita zuwa wurin jirgin. Bakin ƙofa akwai teburi, da wani ma'aikaci dattijo mai furfura ga gemu yana duba kayan hannu. Ka riƙe wannan da kyau, mutumin nan bai ɗaga min murya ba ko sau ɗaya. Ya ce in fito da abin da ke aljihuna. Ya ware wuƙa da basilla da kwalbar mai gefe guda, ya ce waɗannan ba su shiga wurin zaman mutane, da na zo da wuri da an sa su cikin babban kaya. Ya zaro kalangun daga buhu, ya juya shi a hankali, har ya ce aikin hannun nan ya yi kyau. Sai ya ji motsi a ciki.

Ka san ƙarar da kalangun Tsoho ke yi in an girgiza shi. Tun ina yaro nake jin ta. Ban taɓa ganin lokacin da yake rufe fata ta biyu ba, don ɗaki yake shiga shi kaɗai. Ni da duk makaɗan da na sani mun ɗauka sirrin gida ne, laya ko wani abin da ba a faɗi. Kuma an hore mu cewa makaɗi ba ya gaya wa baƙo abin da ke cikin kalangunsa.

Dattijon ya ce: "Ɗana, me ke ciki?"

Na ce: "Ba komai."

Ya ɗaga shi saitin kunnena ya sake girgizawa. Ya ce: "To wa ke magana?"

Ya jira. Da a ce na ce masa ban sani ba, ubana ne ya rufe shi, wataƙila da ya san yadda zai yi da ni. Amma na riga na ce ba komai, ga abin yana ƙara a hannunsa. Daga nan ba ya da ikon yarda da bakina. Ya ce ba zai bar abin da bai san cikinsa ba ya hau jirgi, ko hannu ko kaya, don rayukan mutane ne a wuyansa. Ya ba ni zaɓi. Ko in kwance tsarkiya in ɗaga fuska ɗaya ya leƙa, ko in mayar wa direbanmu ya kai gida, ko in bar shi wurinsu ajiya da takarda har in dawo.

Kada ka taɓa ce wa mai binciken kaya ba komai alhali da komai. Ba gulma yake nema ba, ba kuma asirin gidanku ya dame shi ba. Kafin ma ya tambaya ka ce masa akwai abu a ciki, ka faɗi ko mene ne. In ya ce sai ya gani, ka roƙe shi ya bari kai ka kwance da hannunka, ka zauna ƙasa ka yi a tsanake. Na yi maka sabon ɗauri mai sauƙin warwara don haka.

Ɗaurin Tsoho kuwa ba na gaggawa ba ne. Kwance shi da mayarwa aikin hantsi zuwa azahar ne, ga lasifika tana ta kira. Mode ya raɗa min cewa mu bar shi ajiya, in mun isa ma ari wani. Direbanmu ma yana waje yana cin abinci, ina hango motarsa. Amma ni Alhaji Cindo nake gani, da jama'ar da ya tara, da yadda za a ce ɗan Tunau ya zo hannu banza. Mutane suna ce min mai haƙuri. Shekara talatin da wani abu ina haƙuri, ranar ya ƙare min a tsaye. Na miƙa hannu kan teburin, na ɗauki wuƙata, na tsaga fatar baya daga wannan baki zuwa wancan. Na ji dattijon ya ce in tsaya, amma wuƙar ta riga ta wuce.

Na kifa shi bisa teburi. Tsakuwa bakwai sunka zubo, irin masu santsi na bakin gulbinmu. Na girgiza, na leƙa. Ba laya, ba komai, sai ƙanshin icce.

Dattijon ya daɗe yana kallonsu. Ya tattara su ɗaya ɗaya ya zuba min a tafin hannu, ya rufe min yatsuna da nasa. Ya ce: "Wannan ka ɓoye min?" Ya ce mu yi sauri. Cikin jirgi wata ma'aikaciya ta karɓi kalangun ta sa shi akwatin saman kaina, ya shige kamar don shi anka auna wurin. Ba wanda ya jefa shi ko'ina, Maisuna. Sanyi bai taɓa shi ba.

Na yaudari kaina cewa tunda fuskar baya na yanka, ta gaba za ta yi magana. Na san ƙarya ne tun ina yanka. Kalangu da fuska biyu yake numfashi, in ka matsa tsarkiya ɗaya na ja ɗaya na riƙewa. A masauki na gwada, sai ka ce ana bugun ƙwarya. Mode ya samo min aron wani kalangu wurin makaɗan can. Ranar naɗi na fara taken Alhaji Cindo, ya ɗaga kai yana murmushi, can sai murmushin ya tsaya. Bayan an watse ya kira ni gefe ya ce wannan ba muryar Tunau ba ce. A nan na fara ƙaryar. Na ce mutanen jirgi ne. Ya yi ta faɗa yana tsine musu, ni ina sunkuye. Mode yana tsaye bayana yana ji. Kafin mu dawo labarin ya riga mu isa Jega ta bakin fatake, na iske shi ya yi reshe, ban sare ba.

Kashegarin dawowarmu, Tsoho yana zaune ƙofar ɗakinsa yana shan hantsi, ya ce in kawo masa. Na durƙusa na miƙa. Ya shafa fuskar gaba, ya juya. Ya bi bakin tsagar da babban yatsa, a hankali, daga farko har ƙarshe, ya sake dawowa. Mutumin da ya shekara hamsin yana yanka fata, shi zan gaya wa bambancin wadda ta fashe da wadda anka yanka?

Ya ce: "Arzika, ashe sanyin sama da kaihi shi ke."

Na ce: "I, Baba."

Can ya tambaye ni ina duwatsun. Na fito da su daga aljihu na zuba masa. Ya juya su cikin hannu, ya ce: "Ka gani ke nan. Abin da ubana yab bar min ke nan, don su ba murya yaji. Ɗaki ni ka shiga don iska na busar min da hwata. Da ka tambaye ni da na hwaɗa maka."

Ya bar min ƙofa a buɗe, ɗana. Kalma uku kawai yake jira, ni na yanka. Na ga yana jira. Na tashi na ce zan je kasuwa. Kwana uku a jere in na zo gaishe shi sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ni kuma in kawo zancen damina. Rana ta huɗu bai riƙe ba. Ya sa anka rataye kalangun cikin ɗakinsa da tsagarsa, ya hana a canza fata. Bai taɓa ƙaryata ni gaban kowa ba. In masu jaje sun zo suna zagin mutanen jirgi, sai ya ce a bar zagi, ba a san kan wa zai hau ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa. Bayan an cire gero Allah ya karɓi abinsa. Fatar da kake bugawa yanzu ni na ɗinka ta bayan rasuwarsa, kuma ka ji tsofaffin mahauta suna cewa muryar ba ta dawo ba. Gaskiyarsu.

Wannan ne ya fi kowanne ciwo, kuma shi ne ba na son ka gada. In wani abu ya sami kalangun nan a hanya, ko laifinka ne ko na wani, ka faɗe shi yadda yake tun ranar, ga shugabanku da gare ni. Icce ne da fata. Akuya ba ta ƙare a Jega ba. Abin da na kasa ɗinkewa shi ne wanda ke tsakanina da ubana, kuma ga shi ƙaryar ta girma har ta sa ɗana yana wasa wuƙa don mutanen da ba su yi mana komai ba.

Saboda haka ka cire wuƙar nan daga aljihu. Ita da basilla da allura da man shanu, duk su shiga babbar jaka wadda za a auna a tafi da ita. A can wuƙa cikin aljihu ba kayan sana'a ba ce, kuma maganar da ka yi rumfar mahauta, in ka yi rabinta bakin ƙofar jirgi, ko da wasa, ba gida za a maido ka ba. Na sa kafinta ya yi wa kalangun akwatin katako, na cusa tsumma kewaye. In sun ce ba zai shiga hannu ba, kada ka yi gardama. Ka sassauta tsarkiya kafin ka rufe, don fatar da ke ɗaure tam ita ce canjin iska ke wa lahani, wannan kam gaskiya ne. Ka ce a manna masa alamar abin da ke fashewa. 'Yar takardar da za su ba ka ta shaidar kaya, ka adana ta tare da fasfo. In kun sauka, ka buɗe akwatin ka duba tun kana cikin ginin, in da matsala ka faɗa a nan, da ladabi. Tsakuwar kuma suna ciki, su bakwai ɗin nan. Duk wanda ya tambaya ka gaya masa.

Ban san yadda za ka dube ni ba bayan ka karanta wannan. In ka ji haushi, kana da gaskiya. Ba na roƙon ka yafe min yanzu, ka bari sai ka dawo mu zauna. Abin da nake roƙo shi ne ka isa wurin mutanen nan ba ka riƙe su da komai a zuciya. Ka riƙe salla a kan lokaci duk inda rana ta iske ka, ka girmama na gaba da kai, ka ci abin da ka sani. Allah shi sa ka hau lafiya ka sauka lafiya, shi kare ka daga gaggawar hannu da nauyin baki, shi jiƙan wanda ka ci sunansa, shi sa ya yafe min. Amin.

In kuma zuciyarka ta ce tsoro ne ya sa na ƙago wannan don in kwantar da kai, to ba ni kaɗai na sani ba. Mode yana nan Karaye da ransa, shi ya ga wuƙar a hannuna. Innarka kuma tana tsaye bakin madafa safiyar da Tsoho ya shafa fatar, ta ji duk abin da ya ce da abin da na kasa cewa. Ba wanda na roƙa ya rufa min asiri, su biyun sun rufa har yau. Jiya na gaya musu na sauke musu. Ka tambaye su.

Mahaifinka,
Arzika Makaɗi